Tambaya kan tarihin gidajen dabbobin teku: ina aka faro, kuma me ya sa ake rufe su?

Malamar Kimiyya, Unguwar Kanawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a nan Kaduna, kuma a wannan zangon karatu mun iso babin dabbobi masu shayarwa da ke rayuwa a cikin ruwa. Kusan dukan ɗalibaina sun taɓa ganin bidiyon dolfin a waya, yana tsalle ta cikin zobe ko yana tura ƙwallo da baki a gaban dubban 'yan kallo, ko da yake babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa ganin teku da idonta. Abin da suka sani game da wannan dabba, ke nan, daga wuraren wasa suka same shi, kuma ina so in faɗa musu gaskiyar yadda waɗannan wurare suka samo asali.

Abin da ya ƙara sa ni neman bayani shi ne labarin rufe wurin nan mai suna Marineland da ke garin Antibes a kudancin Faransa, wanda aka buɗe tun 1970, aka kuma kulle ƙofarsa a watan Janairun 2025 alhali dabbobin suna ciki. Tambayata ga masana a wannan zaure ita ce: wane ne ya fara tunanin tara manyan dabbobin teku a cikin tankuna domin jama'a su biya kuɗi su kalla, mene ne manufarsa tun farko, kuma mene ne ya faru har abin da a da ake ganinsa abin alfahari ya zama abin da gwamnatoci ke kafa doka a kansa? Zan fi jin daɗi idan aka ɗauki wuri guda aka bi tarihinsa daga tushe, domin yara sun fi riƙe labari a kan jerin sunaye. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ruwa mai ritaya, Malali

Wa alaikumus salam warahmatullah. Malama, Allah ya ƙara basira. Idan wuri guda ake so a bi, to wanda ya fi cancanta shi ne na jihar Florida a Amurka, wanda shi ma daga baya aka sa masa suna Marineland, domin daga gare shi sauran suka koyi sana'ar. Ni aikin famfo da tace ruwa na yi har na ajiye aiki, kuma ta wannan ƙofa na fara sha'awar tarihinsa.

An buɗe wurin ranar 23 ga watan Yuni, 1938, da sunan Marine Studios, a wani siririn tsiri na ƙasa da ke tsakanin Tekun Atilantika da kogin Matanzas, kimanin kilomita 30 kudu da garin St. Augustine. Waɗanda suka jagoranci kafa shi sun haɗa da W. Douglas Burden, wanda ya yi suna tun 1926 da tafiyarsa zuwa tsibirin Komodo domin nazarin manyan ƙadangarun can, da attajiri Cornelius Vanderbilt Whitney, da Sherman Pratt, da kuma Ilya Tolstoy, ɗan asalin Rasha. Babban abin da ya kamata ɗalibai su riƙe shi ne cewa waɗannan mutane ba wurin wasa suka yi niyyar ginawa ba. Manufarsu ita ce su samar da wurin ɗaukar fim a ƙarƙashin ruwa, saboda a wancan zamani shiga cikin teku da na'urar ɗaukar hoto abu ne mai wuya da haɗari, ga ruwan ba koyaushe yake da haske ba.

Kafin lokacin akwai gidajen kifi a manyan birane, tun daga wanda aka buɗe a gidan namun daji na Landan a 1853, amma tsarinsu shi ne kowane irin kifi da ƙaramin akwatin gilashinsa. Sabon abin da mutanen Florida suka zo da shi shi ne su gina manyan tankunan ƙarfe guda biyu, su zuba dabbobi iri-iri a wuri ɗaya kamar yadda suke cuɗanya a cikin teku. Ɗaya tankin zagayayye ne, faɗinsa kusan mita 23, ɗayan kuma mai kusurwa huɗu, tsawonsa kusan mita 30 da zurfin fiye da mita 5. A jikin bangon tankunan aka huda ƙananan tagogin gilashi sama da 200 a hawa daban-daban, ta yadda mutum zai tsaya a wani lungu mai duhu ya kafa fuskarsa a taga, ya ga kifin shak da kunkurun teku da dolfin suna wucewa dab da hancinsa. Ruwan kuwa daga tekun ake janyo shi da injuna dare da rana, domin ruwan da manyan dabbobi ke ci suna kashi a cikinsa ba ya jimawa yake lalacewa idan ba a sauya shi ba.

A ranar buɗewa mutane sama da 20,000 suka yi cincirindo a wurin, har motoci suka cushe hanyar bakin teku. Daga wannan rana masu wurin suka gane cewa kuɗin da ke cikin tikitin shiga ya fi wanda ke cikin hayar wurin ga masu fim, kuma a ganina wannan shi ne mabuɗin dukan abin da ya biyo baya. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne lokacin ciyarwa. Wani ma'aikaci yakan sa hular ƙarfe ta masu nutso ya sauka har ƙasan tanki yana miƙa wa kifaye abinci da hannu, wani kuma yakan tsaya a sama ya ɗaga kifi, sai dolfin ya yi tsalle ya fito daga ruwa ya karɓa. Ba a koya musu wannan tsalle a matsayin wasa ba tun farko, amma da aka ga yadda jama'a ke tafi, sai aka fara tunanin abin da za a ƙara a kai.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an rufe wurin a 1942, kuma a wannan tsakani an yi amfani da shi wajen binciken maganin korar kifin shak domin kare sojojin da jirginsu ya faɗa teku. An sake buɗewa a 1946. Shekara guda bayan haka, a watan Fabrairun 1947, aka haifi wata 'yar dolfin da aka sa wa suna Spray, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko da aka haifa a hannun mutane ta kuma rayu. Sai kuma aka ɗauko Adolf Frohn, wanda ya ƙware wajen horar da dabbobi a kamfanin wasanni na Ringling, aka danƙa masa wani dolfin mai suna Flippy. A farkon shekarun 1950 Flippy ya fara wasa a gaban jama'a, yana tsalle ta cikin zobe, yana kaɗa ƙararrawa, yana jan allon da mutum ke tsaye a kai. Duk bidiyon da ɗalibanki suka gani, Malama, asalinsa yana komawa ga abin da aka yi da wannan dabba guda.

Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin da wurin ya yi tashe, har ya zama cikin wuraren da suka fi karɓar baƙi a Florida, aka kuma sauya masa suna zuwa Marineland a 1961. Nasararsa ce ta haifar masa da kishiyoyi. An buɗe wani Marineland a gaɓar California a 1954, aka buɗe Miami Seaquarium a 1955, sannan SeaWorld na farko a San Diego a 1964. Faɗuwar Marineland na Florida kuwa ta zo ta hanyoyi biyu. Na farko, an gina babbar hanyar mota mai lamba 95 can cikin ƙasa, sai matafiya suka bar tsohuwar hanyar bakin teku da ke bi ta ƙofar wurin. Duk wanda ya san yadda kasuwar garuruwan layin dogo irin su Kafanchan ta ja baya lokacin da jirgin ƙasa ya rage zirga-zirga, zai fahimci abin da nake nufi. Na biyu, kamfanin Disney ya buɗe katafaren wurin shaƙatawarsa kusa da birnin Orlando a jihar ta Florida a 1971, SeaWorld kuma ya bi shi can a 1973 da manyan tankuna da dabbobin da tsohon wurin ba shi da ƙarfin saye. Daga nan baƙi suka yi ta raguwa, gishirin teku kuma yana ta cin ƙarfen gine-ginen, ga kuɗin gyara babu.

An sa wurin a cikin kundin wuraren tarihi na Amurka a 1986, amma wannan bai hana shi durƙushewa da bashi a ƙarshen shekarun 1990 ba, ga kuma mahaukaciyar guguwa da ta yi masa ɓarna a 1999. Sabon mai shi ya rushe tsofaffin tankunan nan biyu, aka sake buɗewa a 2006 a matsayin ƙaramin wurin da baƙo ke biyan kuɗi ya shiga ruwa tare da dolfin. Gidan kifi na Georgia Aquarium ya saye shi a 2011, ya sayar a 2019 ga wani kamfani mai hedikwata a Meziko, kamfanin kuma ya shigar da takardar karayar arziki a kotu a 2025. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a wannan fili shi ne cibiyar binciken halittun teku ta Jami'ar Florida mai ɗauke da sunan Whitney, wadda aka buɗe a 1974 daura da wurin, kuma har yanzu tana aiki, tana ma da asibitin kunkurun teku.

Likitan Dabbobi, Barnawa

Gaisuwa ga Malama da ta yi tambaya, da kuma Baba Injiniya da ya shimfiɗa tarihi tiryan-tiryan. Ina so in ɗora a kan bayaninsa ta ɓangaren dabbobin kansu, domin hanyar mota da gasar kasuwa sun bayyana faɗuwar wuri guda, amma ba su bayyana dalilin da ya sa majalisun ƙasashe suka shiga maganar ba.

Zan fara da alherin da wurin na Florida ya yi, saboda adalci. Kafin 1938 abin da masana suka sani game da dolfin yawanci daga gawarsa ne, wadda ruwa ya turo bakin gaɓa ko masunta suka kashe. Ta waɗancan tagogi ne aka fara zama ana kallon rayuwarsa yini guda cur: yadda uwa ke ɗaukar ciki na kimanin wata 12, yadda ɗan yake fitowa yawanci ta wutsiya, yadda yake hanzarin hawa saman ruwa ya shaƙi iskar farko ta ƙofar numfashi da ke tsakiyar kansa, da yadda yake shan nono a ƙarƙashin ruwa fiye da shekara guda. Mai kula da dabbobin wurin, Arthur McBride, ya lura a 1947 cewa dolfin na kauce wa raga mai ƙananan ƙofofi ko da cikin dare ne a ruwa mai laka, inda ido ba ya amfani, sai ya rubuta cewa wataƙila yana gane abin da ke gabansa ta hanyar sauti kamar yadda jemage ke yi. Bincike daga baya ya tabbatar da hakan: dabbar tana fitar da ƙara, ƙarar ta bugi abu ta dawo, ita kuma ta karanta amsa-kuwwar ta san girman abin da nisansa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma Malama za ta iya gina darasi guda a kansa.

Sai dai wannan ilimin shi ne ya juyo ya zama hujja a kan masu tankunan. Da aka gane cewa dabba ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai zama cikin dangi, mai rayuwa da sauti, sai tambaya ta taso: yaya take ji a cikin ɗakin kankare mai santsin bango, inda babu yashi, babu igiyar ruwa, babu abin farauta sai mataccen kifi daga cikin bokiti? Matsalar ta fi tsanani da aka koma ga oka, wato babbar dabbar nan mai baƙi da fari, wadda ita ce mafi girma a dangin dolfin, namijinta yana kai nauyin tan 5 ko fiye, kuma a cikin teku tana iya cin tafiyar da ta haura kilomita 100 a rana. SeaWorld ya samu tasa ta farko mai suna Shamu a 1965, kuma kasuwarta ta buɗe har aka shiga farautar ƙananansu. A watan Agustan 1970 an yi wa garke guda ƙawanya da raga a wani lungun teku mai suna Penn Cove a jihar Washington, aka raba 'ya'ya da iyayensu, wasu suka mutu a cikin ragar. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kwashe, wadda aka fi sani da Lolita, an kai ta Miami Seaquarium, inda ta zauna a tanki mai tsawon kimanin mita 24 da faɗin mita 11, alhali ita kanta tsawonta ya kai mita 6. Abokin zamanta ya mutu a 1980, kuma ba ta sake ganin wata 'yar jinsinta ba har ta mutu a watan Agustan 2023, bayan shekara 53 a wannan wuri. Duk lokacin da na tuna waɗannan alƙaluma raina yana ɓaci, domin na san yadda ko doki yake lalacewa idan an daɗe ba a fitar da shi daga turke ba.

Irin wannan farauta na cikin abubuwan da suka sa Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972. Birtaniya ta tsaurara ƙa'idoji har wurinta na ƙarshe mai nuna wasan dolfin ya daina a 1993. A watan Fabrairun 2010 wani namijin oka mai suna Tilikum ya kashe mai horar da shi, Dawn Brancheau, a SeaWorld na Orlando, kuma ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya sa kamfanin ya sanar a 2016 cewa ya daina kiwon oka domin haihuwa. Indiya ta hana kafa irin waɗannan wurare a 2013, Kanada ta yi doka a 2019, Faransa ta yi tata a 2021, kuma wannan ta ƙarshen ce ta kai ga rufe wurin Antibes da Malama ta ambata. Ko da aka buɗe sabon SeaWorld a Abu Dhabi a 2023, ba a sa oka ko ɗaya a ciki ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne cewa rufe ƙofa ba ya warware matsalar. A Antibes an bar oka biyu, uwa da ɗanta, da dolfin 12. Gwamnatin Faransa ta ƙi yarda a kai su Japan, hukumomin Sifen kuma suka ƙi karɓarsu, sai suka ci gaba da zama watanni a wurin da babu mai sayen tikiti, ana ciyar da su ana tace musu ruwa. Sakin su a teku kuma ba abu ne mai sauƙi ba, domin wanda aka haifa a tanki bai iya farauta ba kuma ba shi da dangin da zai bi. An gwada da wani oka mai suna Keiko, wanda shi a teku ma aka haife shi kafin a kamo shi yana ƙarami, aka mayar da shi Iceland a 1998 aka kashe miliyoyin daloli, ya yi iyo har Norway, amma ya ci gaba da neman mutane har ciwon huhu ya kashe shi a 2003. Ko a Marineland na Florida, wata dolfin mai suna Nellie da aka haifa a can a 1953 ta rayu har 2014, shekara 61, ta ga sauyin masu wurin sau da dama. Dabbar tana daɗewa fiye da kamfanin da ya ɗauki nauyinta, kuma masu ginin farko ba su sa wannan a lissafi ba.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada

Allah ya saka wa Injiniya da Likita. Ina da ƙari kaɗan, kuma ina da inda na ɗan saɓa. Addininmu bai bar wannan batu ba, domin ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Malamai sun fahimci cewa wanda ya tsare dabba ya ɗauki amanar cinta da shanta da lafiyarta, kuma idan ya kasa, haƙƙin yana wuyansa. Saboda haka maganar Likita game da dabbobin da aka bari bayan an rufe wuri ta shige ni ƙwarai.

Inda nake jan hankali shi ne kada a koya wa yara cewa duk wanda ya yi aiki a irin waɗannan wurare azzalumi ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi tsaye wajen kare dabbobin teku, a irin waɗannan tagogi suka fara ganinsu tun suna yara, kuma mutum ba ya tausayin abin da bai taɓa gani ba. Haka nan waɗannan wurare sukan karɓi dabbar da ta ji rauni ko ruwa ya turo ta gaɓa, su yi mata magani su mayar da ita. Ya kamata a bambance tsakanin tsare dabba domin jinya ko ilimi, da kama lafiyayya daga cikin danginta domin ta yi tsalle a biya kuɗi. Na farkon yana da uzuri idan an cika sharuɗɗansa, na biyun kuwa ban ga abin da zai halasta raba uwa da ɗanta saboda nishaɗi ba.

Malamar Kimiyya, Unguwar Kanawa

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, kun ba ni fiye da abin da na nema. Sauran tambaya guda, wadda na tabbata yaran za su yi mini. A Afirka akwai irin wannan wuri, kuma zai yiwu a gina shi a gari kamar Kaduna da ke nesa da teku? Ina tambaya ne saboda muna da wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi, inda iyaye ke kai yara lokacin sallah, kuma sau da yawa nakan yi tunanin abin da za a iya ƙarawa a irin wannan wuri wanda zai koyar da yara wani abu game da rayuwar cikin ruwa.

Injiniyan Ruwa mai ritaya, Malali

Malama, akwai su a Afirka. Wanda ya fi shahara shi ne uShaka Marine World da ke Durban a Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2004, kuma ya gaji tsohon gidan kifin birnin da ke aiki tun 1959. Akwai kuma Two Oceans Aquarium a Cape Town tun 1995, wanda ba ya nuna wasan dolfin. Dukansu a bakin teku suke, kuma wannan ba haɗuwar sa'a ba ce.

Ginawa a nesa da teku yana yiwuwa, domin Georgia Aquarium da na ambata yana birnin Atlanta ne, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Ruwan birni suke ɗauka su haɗa da gishiri na musamman su mayar da shi ruwan teku, kuma tankunansu suna ɗaukar lita wajen miliyan 40. Amma an buɗe shi a 2005 da kyautar dala miliyan 250 daga attajiri guda, Bernie Marcus. Kuɗin gini ma shi ne ƙaramin nauyi. Injunan tace ruwa ba sa tsayawa ko na awa ɗaya, saboda da zarar sun tsaya iskar da ke cikin ruwa takan ragu, dattin dabbobi kuma ya taru ya zama guba. Dole a riƙa daidaita sanyin ruwan a garin da zafin watan Maris da Afrilu yake kamar namu. Babban dolfin guda yana cin kifin teku kilo 10 ko fiye a kullum, wanda sai an kawo shi a daskare daga gaɓa ba tare da sanyin ya yanke a hanya ba. Duk wanda ya san halin da wutar lantarki take ciki a ƙasar nan da farashin man dizal, ya san amsar da kansa. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ni ma ina so jikokina su ga waɗannan halittu, amma ba zan ba kowace gwamnati ko attajiri shawarar ya kawo dolfin Kaduna ba. Idan Florida, da tekunta a bakin ƙofa, ta kasa riƙe nata wurin cikin kwanciyar hankali, bai kamata mu fara abin da za mu bar wa na baya ba.

Likitan Dabbobi, Barnawa

Na yarda da Baba Injiniya, kuma ina ganin abin da ya dace da mu shi ne ainihin manufar 1938 kafin tikiti ya karkatar da ita, wato taga da mutum zai leƙa ya ga yadda halittar ruwa take rayuwa. Kogunanmu suna da abin kallo da yawa wanda yaranmu ba su sani ba sai a cikin miya. Akwai giwan ruwa, wadda masunta ke gasar kamawa a bikin Argungu tun 1934. Akwai minjirya mai jan mutum da lantarki, da gaiwa mai huhu wadda ke binne kanta a cikin laka ta shafe rani tana jiran damina, da talibambam mai kumbura jiki idan ya ji tsoro, da kurungu wanda wasu irinsa ke iyo a rigingine. Akwai kuma yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki. A kansa ne wani masani a Jami'ar Cambridge, Hans Lissmann, ya nuna a shekarun 1950 cewa kifi na iya fitar da ƙaramin lantarki ya gane abin da ke kewaye da shi a cikin ruwa mai duhu, kusan lokaci guda da ake gano amsa-kuwwar dolfin a Florida. Waɗannan duka ruwan daɗi suke so, sun saba da zafinmu, abincinsu yana nan kusa, kuma idan wata rana aka kasa riƙe su ana iya mayar da su kogin da aka ɗebo su.

Game da darasinki na dabbobi masu shayarwa, Malama, kada ki manta da ayu. Yana rayuwa a kogin Binuwai da Neja da tafkin Pandam a jihar Filato, ciyawar ruwa yake ci, yana hawowa sama ya shaƙi iska, yana haihuwar ɗa guda bayan ciki na kusan shekara, kuma yana shayar da shi. Yawansa yana raguwa saboda farautar namansa da mansa da kuma madatsun ruwa da ke yanke masa hanya, shi ya sa doka ta hana kama shi. Shi ma ban ce a sa shi a tanki ba. Idan makarantarku za ta iya, ku fara da akwatin gilashi guda mai ɗaukar lita 200, da ƙaramin injin hura iska mai aiki da hasken rana, da 'yan ƙananan karfasa da kurungu daga wurin masunta. A sa yashin kogi da aka wanke a ƙasa, a ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa kai tsaye, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kuma idan ruwan famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Tun kafin a sayi kifin farko a rubuta sunan wanda zai riƙa ciyar da su lokacin dogon hutu.